Shiruna da Shirun Waya

Abin nan ya faru ne a kakar da waken Getso ya yi albarka har aka rasa buhun zubawa, bayan cutar nan da ta sa aka rufe masallatan Juma'a, amma kafin kuɗin mota ya tashi ya hana mutane zumunci. Rijiyar ƙofar gidanmu ba ta kai ga ruftawa ba tukuna, kuma haƙorana na gaba suna nan, ina iya fasa goro da kaina. A kakar nan aka sa bikin jikata, 'yar babban ɗana, wadda ta yi karatun asibiti a Kano ta kuma zaɓo mijinta da idonta.

A gidanmu akwai abin da muke yi in za a aurar da yarinya. Ranar sa lalle, bayan la'asar, mata su cika tsakar gida, babbar mace ta zauna ta jero dangi. Wa ya haifi wa, daga ina kakanmu ya koro shanunsa ya sauka a bakin fadama, wa ya fara ajiye sanda ya ɗauki fartanya, wa aka kai aure Kara, wa aka kai Kabo. Ana yi ne don yarinya ta shiga gidan miji da sanin tana da mutane a bayanta. Tun da gwaggonmu ta rasu ni nake yi. Ban taɓa zama a aji ba, karatuna iyakarsa abin salla, amma ban taɓa tsallake mutum ɗaya ba, kuma ban taɓa sa ƙane a gaban wansa ba. A tambaya daga Gwarzo har Kabo.

Ina da yadda nake jero su. Da na nesa nake farawa, ina matsowa, ina matsowa, wanda ya fi kowa girma a wurina shi nake ajiyewa a ƙarshe. Kuma kafin in ambace shi sai in yi shiru. In rufe ido, in ɗora hannu a gwiwa, ko gira ba na motsawa. Haka zan zauna har masu gulma a bayan rumbu su ji kunya su daina, har mai jariri ta toshe masa baki da nono. Sai gida ya yi tsit sannan in buɗe baki. Duk wanda ya taɓa zama a gabana ya san shirun nan.

Wadda nake ajiyewa a ƙarshe kuwa Yaya ce, yayata uwa ɗaya uba ɗaya, da aka kai aure Durun tun ina yarinya. A lokacin da nake ba da labari ta tsufa ƙwarai, idonta ya yi hazo, ƙafa sai da sanda, amma bakinta lafiya lau.

Bikin saura kaɗan jikar nan tawa ta zo ta tsuguna a gabana da wayarta.

"Tsohuwa, danginki sun watse. Wasu Kaduna, wasu Legas. Ba kowa zai zo lalle ba. Ki yi jeron nan yanzu in ɗauka, in tura wa kowa tare da gayyata."

"Ni zan yi wa ƙarfe magana?"

"Ai ko ba kowa a gabanki yi kike yi. Jiya ina ji kina ba awaki labari."

Na kai mata duka ta kauce. Amma na tashi na ɗauko zanena na saƙin hannu, na sa kwalli, na zauna a gindin darbejiya da hantsi. Na yi jerona daga farko har ƙarshe, ban rage komai ba, har shirun. Ta tura. Aka bi gida-gida da goro da alewa, na Durun aka ba wani mai mashin ya kai.

Waya ta yi ta ƙara. Na Kaduna sun gani, na Legas sun yi kuka. Ina ta hura hanci, har tafiyata ta canza.

Sai ga mai mashin ya dawo da ƙullin goron Durun, ko kwance shi ba a yi ba. Ya tsaya a zaure yana sosa ƙeya.

"Inna, ta ce in faɗa miki yadda ta faɗa. Ta ce ta ji kin lissafa kowa, har da wanzamin da ya yi wa kakanku ƙaho. Ta ce ita tunda ba dangi ba ce, a ba masu dangi goronsu."

A wurinmu in aka mayar maka da goron biki, an gama magana ke nan. Ba za a zo ba, kuma in mai mayarwa ya mutu a haka, a haka aka rabu.

Ban zauna ba ranar nan. In shiga ɗaki, in fito, in leƙa tukunyar da ba ni na ɗora ba, in koma. Na kira jikata na ce ta kunna mini abin. Ta kunna, ta ja shi zuwa ƙarshe, ga ni nan ina ambaton Yaya, bakina bai yi kuskure ba.

"To ina nata ya tafi? Ɓera ya cinye a hanya?"

"Tsohuwa, ba a dunƙule yake zuwa ba. Can inda aka ajiye shi an yanyanka shi gutsure-gutsure. Waya ta ɗauko gutsure ɗaya, kina kallonsa tana ɗauko na bayansa. In sabis na da ƙarfi ba za ki san an yanka ba. In ba ƙarfi, sai wannan ya ƙare na bayansa bai iso ba, sai ya tsaya."

Na gane. Kamar miƙon tubali ne, magini yana kan katanga, na ƙasa suna jefo masa ɗaya-ɗaya, in mai jifa ya tsaya shan ruwa sai magini ya zauna hannu sake. Amma ganewar ba ta sanyaya mini rai ba.

"Wa ya ba su izinin yanka maganata? Ni na san inda ake tsayawa. Sun tambaye ni?"

Ta ce a kira Durun a yi bayani. Aka kira. Surukar Yaya, matar ɗanta, ita ke da waya a gidan, ta ɗauka, muryarta na zuwa tana yankewa. Abin da na tsinta kawai shi ne Yaya ta ce ta gaji da jin muryata a waya.

Washegari ko koko ban sha ba na ɗauki mayafi. Ɗana ya ce in bari ya je da kansa, na ce shi aka mayar wa goro? Daga Getso zuwa Gwarzo ba wuya. A Gwarzo motar Kabo ta ƙi cika. Na sauka, na hau, na sake sauka, na tsaya a bakin titi ina kira wa direba fasinja da kaina, har ya ce, "Hajiya, ko ke za ki ja mu?" Duk hanya ina ta lissafi. In na tarar ta kwanta ciwo fa? In ta ƙi ganina fa, a gaban surukarta? Daga Kabo na hau mashin, abin da na rantse na daina, muka bi ta cikin gonakin da aka gama yankan dawa, ina riƙe da rigar mutumin ina ce masa ya ƙara wuta.

Na same ta a ƙofar ɗakinta a kan tabarma, tana ɓare gyaɗa da lalube. Na tsuguna.

"Yaya, ina wuni?"

"Lafiya."

"Ya gida? Ya ƙarfin jiki?"

"Da godiya."

"Ya aka ji da kaka?"

"Alhamdu lillahi. Baƙuwa daga ina?"

Surukarta ta sunkuyar da kai ta tafi ɗebo ruwa. Da ta dawo na ce ta gaya mini yadda suka kalli abin. Ta ce, "Wallahi Inna mun sha wahala. Ya ɗan yi, ya tsaya, wani abu ya yi ta juyawa a tsakiya. In fita ƙofar gida in ɗaga wayar sama, ya ɗan taho, in dawo da gudu in kara mata a kunne. Tun hantsi har azahar. Can sai muka ga kin rufe ido kin daina motsi. Muka jira, muka jira. Na ce ya sake tsayawa ne, ita kuma ta ce a'a, ƙarewa ya yi, ai ta ji an zo kan baffanku, kuma bayan baffa ba kowa. Sai na kashe."

Nan na gane. Shiruna suka tarar. Sun ga waya ta daskare sau ba adadi, da suka ga tsohuwa ta daskare sai suka ɗauka duk ɗaya ne. Yaya kuwa rabonta da zama wurin jero tun gwaggo na da rai, kullum sai dai ta iso ranar ɗaurin aure, ba ta san inda nake ajiye ta ba. Ni ma ban taɓa gaya mata ba. Ba a gaya wa mutum irin wannan.

Na ce a kunna, a ja shi zuwa wurin. Suruka ta hau kan turmi ta ɗaga hannu sama kamar mai kiran kaji. Ya juya, ya juya, sai ga ni na fito, fuskata duk ta dame kamar an shafa mata kunu, kwallin da na sa ko alamarsa babu. Na ambaci baffa. Na rufe ido. Shi ke nan.

"To ga shi nan," in ji Yaya. "Nan ta ƙare."

"Ba ta ƙare ba! Ki jira!"

Muka jira. Ni kaina ban san ko ni ce na yi shiru ko wayar ce ba. Na tashi, na zagaya turmin, na leƙa, na ce ta juya gabas, na ce ta girgiza ta. Gumi ya jiƙa mini baya. Abin nan ya fito tsakiyar goshina a cikin wayar yana ta juyawa. Yaya ta ci gaba da ɓare gyaɗarta.

"Auta, ki bar yarinya ta sauko kada ta karye. In kin manta da ni ki ce kin manta. Tsufa ne, kowa yana yi."

Ni a ce na manta! Na ce wa suruka ta sauko ta kife wayar nan. Na ja tabarma na zauna gwiwa da gwiwa da Yaya, na gyara zane. Na rufe ido zan yi shiruna, ta zungure ni da sanda.

"In magana gare ki yi. Na ji shiru ya ishe ni."

Sai na yi, ba shiri. Na faɗi yadda innarmu ta rasu ina jaririya, Yaya kuma an riga an ɗaura mata aure ana jiran tarewa. Yadda ta ce ba inda za ta sai na yi ƙafa, mutanen Durun suka yi aike har suka gaji. Yadda take tatso saniya ta ɗura mini da ludayi, ta goya ni ta je daka, ta goya ni ta je rafi, har bayanta ya yi kanta. Na ce duk wanda na lissafa a baya haihuwa ya yi ko aure ya yi, amma yarinyar da za a kai ɗin nan, da ubanta, da ni, ba don bayan matar nan ba da babu ko ɗayanmu. Na ambaci sunanta cikakke da na ubanmu, yadda ake yi.

Suruka tana ta share ido da bakin ɗankwali. Yaya ta daɗe tana murza ɓawon gyaɗa a hannu.

"Ba saniya ba ce, akuya ce. Saniyar ba ta da nono a lokacin."

"Saniya ce, Yaya."

"Kina ina? Kina baya kina yi mini fitsari." Ta kakkaɓe cinyarta. "Kuma ki ji, Auta. Mutum kamata ba a ajiye shi a ƙarshe. Wa ya ce miki zan kai?"

Na ce haka jero yake, babba a ƙarshe, kuma ba zan sauya shi don waya ba. Ta ce taurin kaina tun ina goye ne. Sannan ta juya ga surukarta ta ce a wanke mata baƙin zanenta, kuma a gaya wa duk direban da zai ɗauke ta Getso cewa gidan gaba za ta zauna, ba za a cusa ta a baya da buhunan wake ba.

Ta zo tun kafin lalle, ta kwana a ɗakina har aka kai amarya. Ba ranar da ba ta kushe tuwon gidanmu ba.

Da damina ta zagayo, gero na fitar da kai, Yaya ta rasu. Mai mashin da ya kai saƙo ya koma Legas, ban san labarinsa ba. Jikata tana Kano da 'ya'yanta. Surukar Yaya tana nan Durun, ita ce babbar gida yanzu, takan zo mini da gyaɗa. A cikin waɗanda suka san innarmu da ido kuwa ba kowa, sai wata tsohuwa a Kara da ba ta ji ko an yi mata ihu, sai ni da ban san fuskarta ba.