Kastana a Madadin Goro

Da aka haifi 'yata ta fari, murna ta hana ni tunanin goro sai da suna ya matso. A shekarun nan goro a Riyad sai an yi sa'a wani ya zo da shi daga gida. Na karaɗe kasuwar Batha har ƙafafuna suka yi tsami, ko ɓari ban samu ba. Ga shi ni Bakano ne, yawancin waɗanda na gayyata kuma Damagarawa, abokan wasanmu. Na san in aka raɗa suna ba goro, tsiyar da za su yi mini sai ta riga ni isa Kano.

A haka na shiga wurin mai askina, wani Baturke mai surutu. Ya ga fuskata a madubi ya ce, "Esh fi, Muhandis?" wato me ya faru, Injiniya? Na faɗa masa da guntun Larabcina, ina kwatanta girman goro da yatsu. Sai ya ajiye almakashi, ya bar ni da rabin aski, ya jawo buhu biyu da ya dawo da su daga hutu. Kastana ce, 'ya'yan wata bishiya ta dajin garinsu, mai ɓawo ja mai sheƙi.

Ta buhun farko tsumburarriya ce, wasu da hudar tsutsa. Ta biyun kuwa ɓul-ɓul, sak manyan goro. Na ce ai iri biyu ne.

"La, la," in ji shi, wato a'a. "Iri ɗaya, daji ɗaya."

Wai ta farko daga gefen baffansa take, wanda ya ce daji na Allah ne, ba ya taɓa shi. Bishiyoyi suka cushe suna kokawar rana, 'ya'ya suka ƙanƙance, waɗanda suka zube kuma suka ruɓe a ƙasa tsutsa ta yi gida. Mahaifinsa kuwa yakan sare masu rauni, ya rage rassa don haske ya shiga, ya share gindi bayan an gama tsinta. Nan take na tuna yadda muke rage gero a rami. Ya ɗora mini buhun mahaifinsa a kafaɗa ya ce na jaririya ne, sannan ya nuna mini yadda ake tsaga kowace kafin a gasa, don kada ta fashe.

Safiyar suna ana tsananin sanyi, na fito da faranti yana tururi. Babban Damagarawan, wani dattijon direba, ya ɗauki guda ya jujjuya.

"Bakano, wannan wane irin goro ne?"

"Na Turkiyya ne, Baba."

Ya ɓare, ya jefa a baki, yana taunawa a hankali. Na zuba masa ido.

"Ba ɗaci," ya ce. "Sai Bakano. Goro ma sai da ya gasa shi."

Falo ya ɗauki dariya, hannuwa suka yi caa a kan faranti. Aka raɗa suna, aka shafa fatiha bakin kowa yana motsi. Daɗin da na ji a lokacin ba ya misaltuwa.

Har dattijon ya sa takalmi, sai ya dawo ya ja ni gefe, ya rage murya.

"Ka ƙulla mini na iyali. In ta ji an raba goron suna ban kai mata ba, yau ba ni ba tuwo."