Wainar Suna A Cikin Adaidaita

Yau a cikin adaidaita na ci wainar sunan jikana, a ƙofar gidan surukina Malam Habu, can Ƙofar Ruwa.

Dalili kuwa, 'yan kwalejinmu na Sheshe sun zura wa na Ƙofar Ruwa ƙwallo biyu ba ko ɗaya, amma kwamitin gasa ya tsallake mu, ya kai su wasan ƙarshe. Shugaban kwamitin? Malam Habu. Ranar na rantse ƙafata ba za ta sake taka unguwarsu ba.

Yau Malam Habu ya leƙo ya ce, "Alhaji, sauko ka hau tabarma mana, jama'a na kallo."

Na ce, "Su kalla. Ranar da muka lallasa ku ma suna kallo."

"Lissafin maki aka bi, Alhaji."

"Ban yi boko ba, Malam, amma na san biyu ta fi babu."

Na lafe a kujerata ina jiran a yi mini takwara, ko zuciyata ta yi sanyi. Liman ya yi addu'a, aka raɗa wa yaro suna Abubakar. Wato Habu.

Jama'a, ku faɗi tsakaninku da Allah, wannan zaɓen kuma wane maki aka bi?