Ranar da Shanu Suka Tsayar da Tseren Babura

Lokacin da nake da ƙarfin tsugunawa gaban inji, ni bakaniken babura ne a Tudun Wada. A shekarun nan mun ƙirƙiro wa kanmu wata al'ada: kwana uku bayan Babbar Sallah, idan an yi la'asar, sai mu fita bayan gari kan wata hanyar burji mu yi tseren babura. Ana tashi daga gindin wata tsamiya, a je a zagayo wata tsohuwar rijiya a dawo, har sau biyar. Ba a ba da kyautar komai. Wanda ya zo na ɗaya dai shekara guda zai yi ana nuna shi a gari, kuma a wurinmu wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ni aka ɗora wa alƙalanci, don na fi su shekaru kuma kowa ni nake taɓa masa babur. Ina da ƙyalle biyu. In na ɗaga ja, kowa ya tsaya. In na saki fari, kowa ya tafi. Dokokinmu ke nan gaba ɗaya.

Babban abokina a lokacin wani mahauci ne daga Ƙofar Dundaye. Tun muna samari kwano ɗaya muke ci. Mutum ne mai ƙiba da dariya, in ya hau babur sai ka tausaya wa babur ɗin, amma bai san tsoron kwana ba. Shekara uku yana zuwa na biyu. A ta huɗu ya rantse sai ya ci.

Wanda ke biye da shi a wannan shekarar ƙanen matata ne. Babur ɗinsa kuwa ni na yi mako guda a kansa, na wanke inji, na canza fulogi, na daidaita komai da hannuna. Ina son a ce babur ɗin da ya fito daga garejina shi ya ci. Ban gaya wa kowa haka ba, ko kaina ban cika gaya wa ba.

Tun zagaye na biyu mahaucin ya ba su rata. A na biyar, da suka juyo daga rijiya, shi kaɗai muke hangowa, sauran can baya kamar ƙudaje. Saura ɗan abin da bai fi tafiyar ƙafa ta minti uku ba ya iso tsamiya, sai ga garken shanu ya ɓullo daga cikin gona ya hau hanya. Makiyayin dattijo ne shi kaɗai, shanun kuma sun ji ƙarar injuna sun fara ɗaga wutsiya. Na ruga da jan ƙyalle ina kaɗawa.

Akwai ɗan fili ta gefe da mahaucin zai iya kutsawa, don shanun ba su gama rufe hanyar ba. Bai kutsa ba. Ya taka birki, ya kashe inji, ya jingine babur. Shi ya san shanu, a cikinsu ya tashi, ya san abin da bijimi zai yi in ya firgita ga jama'a tsaye bakin hanya. Ya shiga garken yana yi musu irin kiran da suka sani, yana dafa wannan yana tura wancan, shi da makiyayin suka tsallakar da su. Kafin su gama, sauran masu tseren duk sun iso sun jeru. Babu wanda ya kashe injinsa.

Jama'a suka fara ihu. Wasu na cewa an gama, mahauci ya ci. Wasu na cewa ba su fito rana don su ga shanu ba, a saki mutane su ƙarasa. Ni kuma ga fari a hannuna, kowa ni yake kallo.

Saniyar ƙarshe na sauka daga hanya, na waiwaya na ga abokina. Yanzu ya kama kan babur ɗinsa, ko ƙafa bai ɗora a kiki ba, tafin hannunsa yake gogewa a riga. Na gan shi sarai. Na saki farin ƙyalle.

Ƙanen matata ya zo na ɗaya. Mahaucin sai da ya buga kiki sau huɗu kafin injin ya tashi, ya iso na ƙarshe. Ya tsaya gabana, bai ɗaga murya ba.

"Malam alƙali, ka gan ni ko ba ka gan ni ba?"

Na ce, "Wallahi hankalina na kan shanu, ban lura ba."

Ya dube ni, ya ce, "To, madalla." Ya ja babur ɗinsa ya tafi.

Bai yi gaba da ni ba. In mun haɗu a jana'iza ko ɗaurin aure yakan miƙo hannu, ya tambayi iyali. Sai dai bai ƙara zama a bencin garejina ba, babur ɗinsa ya koma kai wa wani, kwanonmu kuma ya rabu. Da shekara ta zagayo bai zo tsere ba. A wannan karon amalanken jaki ne ya shigo hanya. Na ɗaga ja har hannuna ya gaji, babu wanda ya tsaya, don kowa ya ga abin da tsayawa ta jawo wa mai tsayawa. Wani ya kauce wa jakin ya faɗa rami, ya karye a kafaɗa. Allah ya sa ya warke, amma daga nan dattawan unguwa suka hana tseren, kuma sun yi daidai.

Rayuwa ta ci gaba, kuma ba ni da abin cewa sai godiya. Na aurar da 'ya'ya, na je Makka, ɗana ya karɓi garejin, ni kuma aikina yanzu zama a inuwa da gyara wa masu gyara. Maganar nan ce kawai takan taso mini jefi-jefi, in kore ta.

Bara mijin 'yata ya zo gaishe ni, ya nuna mini tseren motoci na ƙasar waje a wayarsa. Ana dab da gamawa wata mota ta bugi katanga, aka fito da wata mota ta shiga gabansu don kowa ya rage gudu har a share hanya. Wanda ke gaba da nisa sai ga su duk sun taru a bayansa. Da aka sake su, wani ya wuce shi. Mijin 'yata ya ce mini mutane suna ta gardama a kai.

"Baba, ku da kuka san harkar injuna, ya ya kamata a yi?"

Na ce masa ni ban san dokokinsu ba, amma ga abin da na sani. In haɗari ya zo ana dab da gamawa, tsayarwa dole ce, rai ya fi tsere. In an tsayar kuwa, ko dai a ce an gama a yadda ake, kowa ya riƙe matsayinsa, ko a mayar wa kowa da ratarsa kafin a sake su. Kuma a yanke wannan tun kafin a tashi, kowa ya ji da kunnensa, kada a bar wa alƙali ya yanke lokacin da jama'a ke ihu, don alƙali ma yana da wanda yake so. Ya ce na yi magana kamar wanda ya taɓa yi. Na ce na taɓa ɓatawa dai.

Ranar Juma'ar da ta biyo na sa aka kai ni Ƙofar Dundaye. Na same shi a ƙofar gida kan tabarma da maƙwabtansa uku. Ya bar fawa, 'ya'yansa ke yi, ƙibar ma ta tafi. Bayan gaisuwa na ce ina son magana da shi a keɓe.

"A keɓe? Alhaji, mi ya yi zahi?"

Na rage murya na ce, "Ranar shanun nan. Na gan ka."

Ya ce, "Na san ka gan ni. Ido huɗu munka yi. Tseren bai dame ni ba, rantsuwar da ka yi gaban mutane ita ta tsaya mini. Tunda gaban mutane anka yi ta, ga mutane nan."

Sai na juya ga dattawan nan uku, waɗanda biyu daga cikinsu ba su ma san an taɓa wani tsere ba, na ba su labari tun daga tsamiya har rijiya. Na ce na saki ƙyalle ina kallonsa, na yi haka don ina son babur ɗin da na gyara ya ci, na kuma rantse a kan ƙarya, na nemi gafarar Allah, yanzu ina neman tasa. Na ce wannan mutumin shi ya ci tseren.

Ɗaya daga cikinsu ya dubi abokina sama da ƙasa ya ce, "Wanga? Wanda ko jikansa ba ya iya kamawa?"

"Kai dai ka ji alƙali da bakinshi," in ji mahaucin. "Na yahe, Alhaji. Amma ƙanen matar nan taka shina da rai?"

"Yana nan, ya yi tumbi."

"To, Juma'a mai zuwa ka zo mini da shi. Ina son in ga huskarshi in ka maimaita."

Ya matsa gefe ya ba ni wuri a tabarmar, ya ƙwala kira cikin gida a ƙaro tuwo, a kuma zuba a kwano ɗaya. Muka ci har aka kira magariba, yana ta gyara mini labarin, wai kiki biyu ya buga ba huɗu ba. Na bar masa biyun.