Kwandon Kifin da Muka Kai Jami'a

Mun tashi da asuba daga ƙauyenmu na bakin kogi, ƙasar Tunuga, mu uku: ni da yayata da ɗiyata ta fari. Ku da kuke karanta ɗan abin da nake rubutawa a nan kun san rashin da aka yi mana, na kuma gode da addu'a. Ga wanda bai ji ba, uwar 'ya'yana ce Allah ya karɓi abarsa. Yarinyar tana shekararta ta farko a jami'a aka kira ta gida. Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, yayata ta ce ba inda za ta sai an yi arba'in. Kafin arba'in ta zo an yi jarrabawar zangon farko babu ita. Daga nan yarinyar ta ce ta bar karatu, za ta zauna ta riƙe ƙannenta. Ban yi mata faɗa ba. Na roƙe ta mu je tare mu ji abin da za a ce, in kuma ta ga ba za ta iya zama ba, mu dawo mota ɗaya. A kan haka ta yarda.

Ita kuwa yayata ta riga ta yanke tata shawarar. Zamanin da muke lakwal, wato makarantar boko, in yaro ya ɓace lokacin girbi, uba yakan ɗauki kaza ko kifi ya tafi gidan mushe, malamin aji, ya ba da haƙuri, washegari yaro ya koma bencinsa. Saboda haka ta sa aka yi bandar kifi manya-manya, ta cika kwando, ta ɗaure bakinsa da tsohon zane. Na ce mata jami'a fa ba lakwal ɗin ƙauye ba ce. Ta ce, "To su can ba su da baki ne? Kai dai ɗauki kwando." Na ɗauka.

Kabu-kabu, wato baburan haya, muka hau zuwa Gaya. Hanyar ta bi ta tsakanin gonakin shinkafa da giginyu, wuri yashi, wuri rami. Wanda ya ɗauko ni saurayi ne mai gaggawa, duk ramin da ya gani sai ya faɗa cikinsa sannan ya ce, "Yi haƙuri, Baba." Kwando yana kan cinyata, ƙashin kifi yana sukata ta cikin zane. Haƙurin da na yi kafin mu hau gudiro, wato titin kwalta, ya ishi mutum na wata guda.

Gaya da safe kamar yadda kuka san ta: manyan motoci jere a gefen hanya, 'yan canji da naira da sefa a hannu, Dandanci a nan, Zabarmanci a can, Fillanci da Yarabanci a tsakani. A tasha ɗan kamasho ya rantse mana saura mutum ɗaya mota ta tashi. Muka shiga. Bayan mun zauna sai na ga mutanen da ke kujerun gaba suna sulalewa ɗaya bayan ɗaya. Ashe 'yan tashar ne, an zaunar da su don a ga mota ta cika. Rana ta ɗaga, ƙarfe ya yi zafi, saura mutum ɗayan nan bai zo ba. Kuɗin mota ya ƙaru a kan yadda na san shi bara, aka kuma ce kwando ma sai an biya masa. Yayata ta ce a cinya zai zauna, cinya kuwa an riga an biya mata. Cinyar tawa ce, ba a tambaye ni ba.

Mun karya da farimasa, wato fanke, da koko. Na saya wa ɗiyata kopto, kwaɗon ganye, don tana son shi tun tana ƙarama, da ƙuli mai yawa. Ta ce ta gode, ta riƙe ledar a hannu har muka bar gari.

A hanya zafi ya tayar da ƙamshin kifi, mota duka ta ɗauka. Wani dattijo a bayana ya ce in dai ba za a buɗe kwandon nan ba, to a rage masa kuɗin mota, don azaba ce ake yi masa. Aka yi dariya, ban da yarinyar, wadda ta jingina kai da gilas. Duk shingen da muka tsaya, a sauka, a nuna katin ɗan ƙasa, a tambayi abin da ke cikin kwando. Yayata ta ce, "Na malami ne." Haka take faɗa kowane shinge, da murya irin ta mai ɗauke da saƙon gwamna. Masu tallar muruci da rake suna cusa hannu ta taga. Gudiron wani wuri sumul, wani wuri direba ya gwammace ya sauka ya bi gefe.

Mun isa garin da jami'ar take rana tsaka. A bakin ƙofa yayata ta tambayi mai gadi ina gidan mushen 'yan shekarar farko. Ya dube ta, ya dubi kwando, ya ce wanne daga ciki? Ya tura mu wani biro, wato ofis. Can aka ce ba nan ba ne, mu hau bene. A bene aka ce mai wurin ya fita salla da cin abinci. Muka zauna gindin bishiyar bedi har inuwa ta juya. Ni da na tsaya a ƙaramar lakwal, Faransancina na gaisuwa ne da karanta takardar likita, kuma duk bangon wurin takardu ne manne, wata kan wata.

Da aka buɗe, wata mata mai tabarau ta saurare mu. Ta yi mana gaisuwar rashi, sannan ta ce akwai zama na biyu na jarrabawa, wanda suke kira ratirafaj, ga wanda ya faɗi ko wanda uzuri ya hana shi. Ta ce yarinyar tana iya shiga. Na ji kamar an sauke mini buhu daga ka. Da muka fito na ce wa ɗiyata, "Kin ji ko? Hanya a buɗe take." Ta ce, "Na sani, Baba. Tun ina gida na sani." Sannan ta ce, "Ba jarrabawar ba ce. Wurin ne ba na iyawa. Da can ma daurewa nake yi, in na kira Inna da yamma in ji sauƙi." Na gyara riƙon kwando.

Yayata dai ta ce ba ta ɗauko kifi tun daga bakin kogi don ta ga mai tabarau ba, sai ta ga malami ido da ido. Aka kai mu anfi, wato babban ɗakin da suke ɗaukar darasi. Na leƙa ta ƙofa. Ban taɓa ganin aji irin wannan ba: benci hawa-hawa kamar filin kokawa, cike maƙil, wasu a ƙasa, wasu tsaye jikin taga suna rubutu a kan gwiwa. Malamin can ƙasa, ƙarami kamar ɗan tsako, na baya ko muryarsa ba sa ji sosai. Da ya fito yayata ta tare shi, ta durƙusa, ta tura kwando gabansa, ta fara bayani tun daga ranar da ciwo ya kama marigayiya. Mutumin kirki ne, ya tsaya ya ji. Ya ce, "Allah ya jiƙanta, Hajiya. Amma wallahi ban san yarinyar ba, suna da yawa. Kifin kuma ba zan iya karɓa ba. Ta zo ta zauna jarrabawa, shi ke nan." Ya wuce. Ɗalibai sun taru suna kallo, ɗiyata ta ja mayafi ta rufe fuska. Yayata ta miƙe tana kakkaɓe gwiwa, ta ce, "Malamin da bai san ɗalibinsa ba, bango yake karantarwa?" Na sake ɗaukar kwando. A lokacin, da ƙasa za ta tsage, da na shige da shi.

Daga nan muka wuce ɗakin kwanansu. Ɗaki ne ƙarami, gadaje masu hawa biyu, igiyar shanya ta ratsa tsakiya, bokitai jere saboda famfo ba kullum yake kawo ruwa ba. 'Yan ɗakin suka rungume ta, suka gaishe mu da ladabi, suka yi addu'a. Sai wata doguwa, 'yar wajen Tawa, ta ce, "Allah ya jiƙan Inna. Amma ke, gobe ke ce da kamun wuri. Tun da kika tafi muke ɗaukar miki, ni ƙafafuna sun gaji."

Ashe haka suke yi. Tunda benci ba ya isa, kowace rana ɗaya daga cikinsu takan fita da an yi sallar asuba, ta kwashi kallabin sauran, ta shimfiɗa a bencin gaba ta tsare har su zo. Bi da bi suke yi. Raina ya ɓaci. Yayata ce ta yi magana: "Ke 'yar nan, wa ya yi renonki? Marainiya ce fa, ko ruwa ba ta sha ba!" Doguwar ta ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, benci bai san marainiya ba. In ba a kama ba, can baya za mu zauna, ba abin da za mu ji. Kuma darasin gobe shi ne wanda duk muka faɗi." Yayata ta dangwarar musu da kwandon don haushi, ta ce ta rantse ba za ta koma da shi ba. Kafin mu kai ƙofa na ji an kwance zane, ana kiran 'yan ɗakin kusa.

Ɗiyata ta ce za ta kwana nan, mu biyo da safe mu ɗauke ta. Muka kwana gidan wani ɗan garinmu. Barcin dai sama-sama.

Da safe muka tarar da ɗakin a kulle. Wata ta ce mu duba anfi. Tun daga nesa na ji hayaniya, kuma na san muryar. Ɗiyata ce tsaye a bencin gaba, kallabi shimfiɗe dama da hagu, wani saurayi ya ture ɗaya zai zauna. Tana cewa, "Malam, ɗaga! Lokacin da na zo kana ina? Wurin mutane ne!" Rabin da Hausa, rabin da Faransanci, hannu a ƙugu. Saurayin ya tashi yana gunaguni. Tun ranar da muka dawo daga maƙabarta ban ji ta ɗaga murya ba. Na tsaya bakin ƙofa, na ɗan juya baya ina duban bango, har na samu kaina.

Ta hango mu ta fito, tana waiwayen bencin. Ta ce, "Baba, kun ga wancan? An ce kullum haka yake yi." Na ce, "Mota fa? Rana tana yi." Ta dubi ƙasa. Ta ce, "Ku tafi, Baba. In na bar wurin za a zauna." Sannan ta ce, "Auta ba ta faɗin yunwa, sai an tambaye ta. A riƙa tambayarta." Yayata ta ce, "Ni za ki koya wa reno?" Amma ta kama hannun yarinyar ta daɗe ba ta saki ba.

Dawowa ba wani labari. Shingayen nan dai, zafin nan dai, a Gaya kuma mai kabu-kabu ya ce mai ya yi tsada, ya ƙara mana kuɗi. Yayata ta yi ta mitar doguwar yarinyar nan har muka ga giginyun garinmu, ta ce ba ta da kunya, ta kuma ce in za a sake aika kifi a ware mata nata daban.

Ban san ko ɗiyata za ta ci jarrabawar ba, wannan yana hannun Allah. Abin da na gano dai, mu a gida mun riƙa lallaɓa ta kamar mai jinya, kowa yana sassauta murya in ta shigo, har ita ma ta yarda ba za ta iya komai ba sai zama. Can kuwa ta tarar da mutanen da suke jiran ta da aiki daidai ƙarfinta. Ku masu 'ya'ya a jami'a, kada ku wahalar da kanku neman malami, ba zai san ku ba. Ku tambayi yaro da su wa yake kwana, da su wa yake karatu, kuma me suke jira daga gare shi.

Mun shiga gida ana kiran magariba. Auta ta taho da gudu, ta duba bayana, ta ce ina Yaya. Na ce tana makaranta. Sannan na durƙusa na tambaye ta ko ta ci abinci. Ta girgiza kai.