Na Toshe Hanci A Gaban Maigidana

Edita, gaisuwa mai yawa. Lokacin da abin nan ya faru ina magidanci mai jini a jika, da mata ɗaya da 'ya'ya biyu, da girman kan da jaki ba zai iya ɗauka ba. Gidanmu a Illela gidan fatake ne kaka da kakanni. Mukan kora jakuna zuwa Adar da goro da tufafi, mu dawo da gishiri da kanwa. Sai Turawa suka zo suka raba ƙasa, Ƙonni da muke gani kamar bayan gida ta koma hannun Faransa. Aka zuba masu tsaron hanya, a karɓa can a karɓa nan, kafin ka iso gida riba ta tsiyaye. Sannan fari ya biyo baya. Na sayar da jakunan ɗaya bayan ɗaya har turke ya zama wayam. Surukina ya aiko daga Tozai cewa in ba zan iya ci da 'yarsa da jikokinsa ba, da kaka zai zo ya kwashe abinsa.

A bayan gari akwai wani tsoho majemi wanda Allah bai ba shi ɗa namiji ba. Sana'arsa ba ta mutu ba, don komai tsanani dukawa ba sa daina ɗinka takalmi da kube. Na je wurinsa ta cikin gonaki don kada a gan ni, domin a gidanmu jima sana'ar da ake zagi da ita ce. Bai tambaye ni dalili ba. Ya koya mini jiƙa fata a ruwan toka, da kankare gashi, da tsoma ta a ruwan bagaruwa, da murza ta da mai har ta yi laushi, da rina ta ja da karan dafi. Akushi ɗaya muke ci, yana ce mini ɗansa. A gida kuwa na ce cinikin kifi nake zuwa Kalmalo. Matata ba ta taɓa ƙaryata ni ba, sai dai kullum in tarar ta ajiye mini ruwa da sabulu a bakin zaure.

Majeman wurin suna da al'ada. Ranar da za a yaye mai koyo, shi zai ɗauki fatun da ya jeme a kansa, ya bi bayan maigidansa su ratsa kasuwa, don kowa ya shaida ya shiga sana'a. Tsohon ya ce da mun yi haka zai ba ni rabin tukwanensa da wurin shanya, sauran kuma nawa ne bayan ransa. Na ɗauki kayan, muka kama hanya. Muna isa bakin kasuwa na hango abokan fataucina zaune a inuwa, ba su da ko jaki ɗaya, amma rigunansu fes. Na sauke kayan na ce wa tsohon wuyana ya riƙe. Ya dube ni, ya sunkuya ya ɗora wa kansa, mutumin da a haife ya isa ya yi jika da ni. Abokan suka kira ni suna dariya, wai mi ya haɗa ɗan madugu da majemi. Na ce taya fata nake yi. Ban tsaya nan ba, Edita, sai da na ja bakin rawani na toshe hancina, na ce su yi haƙuri da warin. Yana tsaye da kayana a kansa, yana ji.

Tsohon ya wuce cikin kasuwa shi kaɗai. Ya sayar da fatun, ya aiko mini da abin da aka samu gaba ɗaya. Kunya ta hana ni komawa, damina ta wuce ina ta gobe gobe. Da na je, ya yafe mini tun ban rufe baki ba, har ya tambayi lafiyar yara. Amma tukwanen ya riga ya ba wani Ba'adare da ya zo bayana, wanda ya ɗauki kayansa ya ratsa kasuwa kansa a miƙe. Da kaka surukina ya cika alkawarinsa.

Na yi dako, na yi ƙodago a gonakin mutane, kafin in tsaya da ƙafata yaran sun girma a gidan kawunsu. Abokan da na ji kunyarsu ko tsabar gero ba su taɓa ba ni ba, wasu ma sun mance da ranar. Ni ban manta ba, kuma nadama ba ta sake ni ba.

Ga duk wanda zamani ya kashe masa sana'ar gado, ya kama wadda ta samu in dai halal ce, ya yi ta a fili, kuma kada ya wulaƙanta hannun da ya koya masa don idon masu zaman inuwa. Babban ɗana yanzu dattijo ne. In ya zo gaishe ni yakan durƙusa daga nesa da ladabi, kamar yadda ake gaida baƙo. Kawunsa yake kira Baba.