Na kai ɗiyata Yamai a gyara mata jini

Ƙarar ludayi ce, ya suɓuce daga hannun ɗiyata ya bugi bakin kwano. Na juyo zan yi mata faɗa, sai na ga yatsunta sun kumbura kamar ɗanyen wake. Tana da shekara uku a lokacin. A gidan likita na Filinge aka ce sikila ce, ta gado daga wajena da wajen babanta, mu da muke ɗan wa da ɗiyar ƙane.

Shekara biyar muka yi a haka. In damina ta kama, ko ta taka ruwan sanyi, sai gaɓoɓi su tashi. Ta daina zuwa lakwal, wato makarantar boko. Uwar mijina ta kira wanzami ya yi mata tsaga a gwiwa da wuyan hannu, wai mugun jini ya fita. Ni na riƙe ta. Har yau ina neman gafarar Allah.

Ƙanena yana gyaran salula a kasuwa. Wata rana ya zo da hantsi, ko zama bai yi ba ya miƙo mini waya.

"Yaya, duba. Yanzu ana shiga cikin jini a goge kuskuren, kamar yadda nike ma waya. Kuma ilimin a buɗe yake, kowa na iya karantawa, ba mai hana ka."

Na yi koleji, na san ƙwayar halitta a littafi. Na karanta abin da na iya.

Uwar mijina tana tsince wake a gefe, ta ce, "Mi? Ku canza halittar Allah? Ke ɗiyata, ji tsoron Mahalicci."

Na dubi tsagen gado na Kurfai da ke kumatun tsohuwar, wanda aka yi mata tun tana goye, na sunkuyar da kai. Amma maganarta ta zauna mini. Na yi kwanaki ina istihara. Malamin unguwarmu ya ce neman magani ba saɓo ba ne, sai dai gyaran da zai bi zuriya, wannan shi kansa bai sani ba.

Da aka gama yankan hatsi mijina ya yarda. Muka shiga motar Yamai, ni da ɗiyata, na sa mata sabuwar atamfa. A wautata, tunda an ce a buɗe yake, na zaci zuwa ne kawai ya rage.

A babban gidan likita aka ɗebi jininta, ta yi ta kuka. Lokotoron, wato likitar, mace ce, ta saurare ni har ƙarshe ba ta yi dariya ba.

"Hajiya, gaskiya ne ana yi. Amma ba a ƙasar nan ba, ba kuma a maƙwabta ba. Rubutun ne a buɗe. Kuma sai an fara kashe ɓargon jikinta da magani mai ƙarfi, wataƙila ba za ta taɓa haihuwa ba."

Abin da ya fi tsorata ni, na ji a raina da a ce ana yin gyaran a nan, da na yarda, ban tambayi yarinyar ba.

Ta rubuta mana ƙwayoyin da muka saba, ta ce a yawaita ba ta ruwa.

A hanyar komowa, mun wuce Balleyara, ɗiyata ta ɗago kai daga cinyata.

"Inna, don na yi kuka ne suka ƙi gyara ni? Mu koma gobe, ba zan yi ba."