Sarƙar Sannu-Sannu a Kan Ƙusa

Duk unguwar babu wanda ya san shi da wani suna sai Sannu-Sannu. Ƙwai yake ɗauka a keke daga gonar kaji zuwa shagunan cikin gari, kiret bisa kiret a kan kariyar bayan keken, ɗaure da tsohuwar robar taya, kuma tafiyarsa ce ta ja masa sunan. In ka hango shi tafe sai ka rantse keken ne yake shawarar ko ya ci gaba ko ya koma. Masu shago kan tsokane shi wai kafin ya iso ƙwan ya ƙyanƙyashe, shi kuwa ko a jikinsa. Abin taƙamarsa ɗaya ne a duniya: tun yana saurayi har furfura ta fito masa, bai taɓa fasa wa mai gonar kiret ba.

Gidan nasa ɗaki ɗaya ne da ɗan tsakar gida. A cikin ɗakin keken yake kwana, jingine da bangon da ba ya yoyo, har matarsa takan ce in ruwa ya sauko ita ce mai matsawa, keke kam wurinsa daram. Tana fama da ciwon ƙafa mai cin magani, ga 'yarsu tana makaranta, duk a kan kariyar nan suke. Mutum ya yi shekara da shekaru yana dakon ƙwai, amma a gidansa sai an yi baƙo ake soya shi.

Mai gyara masa keken wani dattijo ne da ake kira Mai Faci, yana da rumfar kwano a bakin titi, tsakanin mai shayi da mai walda. Ƙasan rumfar ya yi baƙi ƙirin da mai, ga kwano na ruwa da ake tsoma tayar ciki a nemo huji, ga gwangwanaye cike da noti. Mai Faci yana da tsarinsa da kowa ya sani. Ba ya bin mutum gida, ba ya faɗa a kan kuɗin aiki. In ka ƙi biya, sai ya kwance sarƙar kekenka ya rataye a ƙusa jikin bangon katako, ka tura abinka ka tafi, ran da ka kawo haƙƙinsa ya mayar maka. Ƙusoshin nan jere suke, kuma duk mai shan shayi ya san sarƙar wane ce a kan wacce. Ta Sannu-Sannu ba ta taɓa hawa bangon nan ba. Yakan kawo keken, a gyara, ya biya in ya dawo daga kai ƙwai, kuma Baba yake ce wa dattijon.

To, a 'yan shekarun nan zaman Sannu-Sannu a gonar ya fara rawa. Ƙanin mai gonar ya sayi babur mai ƙafa uku, kullum yana kunnen yayarsa cewa abin da mai keke yake yini yana kaiwa shi kafin hantsi ya gama. Ita kuwa takan ce mutumin da bai taɓa yi mata asara ba, ba ta da bakin sallamarsa. Sannu-Sannu ya san da wannan magana sarai. Ya san rashin fasa ƙwan nan shi kaɗai ya riƙe masa abincinsa.

Ana nan sai birkin baya ya fara sanyi. Ya kai wa Mai Faci da yamma, ya ce a sa sabuwar roba, a kuma duba sandar birkin. Da safe ya zo ya ɗauka, dattijon ya ce an gama, ya matsa birkin a tsaye ya ji ya kama, ya hau ya tafi. Bai duƙa ya duba ba. Wa zai duba aikin Baba?

A gangaren gada abin ya faru, da kaya cike a baya. Ya matsa birki, ya ji hannun birkin ya tafi fayau babu abin da ya riƙe. Ya matsa na gaba, keken ya karkace, nauyin ƙwan ya kwashe shi ya maka da ƙasa. Da ya ɗago, titin ya zama ruwan gwaiduwa tun daga tsakiyar gangaren har bakin kwata, motoci suna bi ta kai. Wuyan hannunsa ya kumbura nan take, amma wallahi ba shi ya dame shi ba. Rarrafawa ya yi ya duba birkin. Robar sabuwa ce, ba ƙarya, sai dai notin da ke riƙe sandar an ɗaura shi a karkace, ya cinye zaren, bakinsa kawai ya kama. Aikin da ko ɗan koyo ba zai yi ba.

Mai gonar ta saurare shi a tsaye a ƙofar ɗakin kaji, ƙaninta yana gefe yana wasa da makullin babur. Ƙanin ya ce ai kowa ya faɗi sai ya ce birki ne, ƙila dai tsufa ne ya zo, hannu ya daina riƙo. Wannan magana ta fi faɗuwar yi wa Sannu-Sannu ciwo. Mai gonar ta ce ita ba ta ƙaryata shi ba, amma in da gaske laifin gyara ne, ya kawo mai gyaran ya faɗa da bakinsa kafin ƙarshen mako, sai ta yafe asarar ya ci gaba da aikinsa. In ba haka ba, to, ta gode da zaman da aka yi.

Da hannu ɗaya ya turo keken har rumfar Mai Faci. Ya nuna masa notin, ya gaya masa abin da ya faru, ya ce ba ramuwa yake nema ba, so yake kawai ya bi shi gonar ya faɗi gaskiya. Dattijon ya karɓi notin ya juya shi a tafin hannu, ya ce shi bai taɓa ɗaura noti a karkace ba, faɗuwar ce ta lanƙwasa shi. Sannan ya kawo zancen kuɗinsa, wai robar ma a shagon kayan keke ya karɓo ba a biya ba. Nan fa ran Sannu-Sannu ya ɓaci. Ya ce ko sisi ba zai bayar ba, don in ya biya ya yarda ke nan aikin daidai ne, laifin nasa ne. Mai Faci ya duƙa ya kwance sarƙar, ya rataye ta a ƙusa, mutanen teburin shayi suna kallo.

Ranakun da suka biyo baya Sannu-Sannu ya yi su ne tsakanin ɗakinsa da rumfar. Ya je da lallashi, ya je da zafi, ya tuna wa dattijon shekarun da suka yi tare, duk a banza. Matarsa ta ce ya biya ya karɓo abinsa, ko ba komai keke mai sarƙa ya fi keken jingina. Ya ce mata ba ta gane ba, ba sarƙar ce ke hannun Baba ba, sunansa ne. Abin da ya kasa fahimta shi ne taurin kan. Mutumin da ko yaushe in faci ya buɗe yakan ce a kawo ya sake kyauta, yau me ya same shi?

Da mako ya zo ƙarshe sai mai walda da mai shayi suka shiga tsakani. Rumfar cike take da rana tsaka, ga wani malamin makaranta yana jiran a yi masa faci, ga mai kai burodi ya kifa nasa keken. Suka yanke cewa Sannu-Sannu ya biya kuɗin roba kawai, Mai Faci ya yafe na aiki ya sauke sarƙa, zancen zuwa gona kuma a bar shi. Dattijon ya yi saurin amincewa, ya miƙe ya nufi bangon.

Sannu-Sannu yana tsaye kusa da shi, shi ya sa ya gani. Mai Faci bai kalli ƙusoshin ba. Tafin hannu ya ɗora a kan katakon, yana bi da yatsu daga ƙusa zuwa ƙusa, leɓensa yana motsi, har ya kai inda ya san ya rataye. Da ya juyo, haske ya faɗa kan fuskarsa, sai ga wata farar yana ta lulluɓe masa idanun biyu. Ashe da lalube yake aiki, Allah kaɗai ya san tun yaushe. Ashe abin da yake ɓoyewa ke nan, don ran da aka san ba ya gani, ran nan rumfar ta mutu.

Tausayi ya kama Sannu-Sannu, wannan gaskiya ne. Amma ya tuna ƙanin mai gona da makullinsa, ya tuna maganin matarsa. Ga shaidu a zaune, in Baba ba zai je ba su za su je. Sai ya ɗaga hannunsa mai lafiya a gaban fuskar dattijon.

"Baba, yatsu nawa na ɗaga?"

Mai Faci ya tsaya da sarƙa a hannu, ya ƙanƙance ido, ya ce uku. Hannun a dunƙule yake.

"Ƙanena," in ji dattijon a hankali, "da ka ja ni gefe."

Malamin makaranta ya duba agogonsa ya ce ya tuna yana da aji, ya tura kekensa da tayar a sace. Mai burodi ya ɗan jira don kunya, sannan shi ma ya tayar da nasa. Sannu-Sannu ya ajiye kuɗin robar a kan benci, ya mayar da sarƙar da kansa, ya ɗauki mai walda a matsayin shaida suka nufi gona.

Sun tarar da babur mai ƙafa uku a ƙofa, an riga an loda masa. Mai gonar ta saurari mai walda har ƙarshe, ta ce ta yarda, Allah ya sani ba ta taɓa zargin Sannu-Sannu ba, kuma ta yafe asarar. Sai dai shaguna ba za su zauna babu ƙwai ba, ƙaninta ya riga ya karɓi hanyar tun washegarin faɗuwar, masu shago ma sun ce sun fi son haka. Ta sa aka ba shi kiret ɗaya ya kai wa iyali. Ranar an soya ƙwai a gidan babu baƙo, shi dai bai iya ci ba.

Rumfar ba ta kai ƙarshen wata ba. Labari ya zaga, masu keke suka koma wajen wani can bayan kasuwa, masu sarƙa a bango suka zo suka sauke abinsu ba tare da sun biya ba, don sun san ba zai gane su ba. Yanzu mai walda ne yake ajiye ƙarafansa a wurin.

Sannu-Sannu kuwa ya koma dakon jarkokin ruwa, aikin da babu ruwan kowa da ko ka yi sauri ko ka yi sannu. Hannun bai koma daidai ba, in sanyi ya yi sai ya sauka ya tura. Hanyar famfo ta ƙofar gidan Mai Faci ta bi, kuma ya daɗe yana zagayewa ta wani lungu don kada ya wuce nan. Wata safiya aka tone lungun za a sa bututu, dole ya biyo. Dattijon yana zaune a kan tabarma a bakin ƙofa, ya rame, hannuwansa sun yi fes babu ɗigon baƙin mai. Sannu-Sannu ya daina taka feda, ya bar keken yana gangarawa da kansa, yana fatan ya wuce shiru.

Mai Faci ya karkato kunne.

"Sannu-Sannu, kai ne? Sarƙar nan ta bushe, ina jin kukanta tun daga kwana. Ka sa mata mai kafin ta tsinke maka da kaya."

Sannu-Sannu ya taka feda ya wuce, sarƙar tana ƙara har ya sha kwana.